Kafin Giyar Mota Ta Yi Shiru

A Garwa mai mota zai iya faɗa maka ranar da ya yi wa injinsa juyen mai ba tare da ya duba takarda ba, wani har da sunan yaron da ya kwance masa noti. Amma tambaye shi yaushe rabon da a duba man giyar motar, sai ya tsaya yana kallonka kamar ka tambaye shi sunan kakan kakarsa. In kuwa motar irin mai canja giya da kanta ce, wadda muke kira otomatik, amsar da za ka fi samu ita ce, "Ai wannan ba a taɓa ta." Na ji wannan magana a bakin malaman makaranta, na ji ta a bakin 'yan kasuwa, na ji ta har a bakin wasu masu gyaran. Na kuma ga motocin da maganar ta kashe, suna nan jibge a gindin itatuwa daga Yelwa har Jambutu, jiki lafiya lau, inji lafiya lau, kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinsu.

Dole in riƙa cewa "giyar mota" a cike. A rediyo na koyi haka, domin in ka ce giya kawai ka tsaya numfasawa, kafin ka ƙarasa zancen dattawa sun fara bugo waya. Kanikawanmu sun huta da wannan rigima, su "bwat" suke cewa, kalmar da suka aro daga Faransanci, wato akwati. Ni ma zan riƙa cewa akwatin giya ko bwat, duk wanda ya riga zuwa bakina.

Ni ba bakanikiya ba ce. Aikin jarida na karanta, kuma da murya nake cin abinci. Shirin safe nake gabatarwa a wata tasha a nan Garwa, ke nan kafin a tayar da sallar asuba na riga na kama hanya. A wannan lokacin babu tasi, masu baburan da ke waje kuwa ba kowanne ne mace za ta hau bayansa cikin duhu ba. Maigidana ya amince da aikin nan ne bisa sharaɗin in riƙa zuwa da mota. Motar kuwa Corolla ce ƙirar 2004, ta yi rayuwarta ta farko a Turai, ta zo hannuna ta riga ta tsufa, yanzu agogonta ya wuce kilomita 310,000. Ranar da akwatin giyarta ya kwanta, albashina ba zai tayar da shi a wata ɗaya ko biyu ba, kuma shirin safe ba ya jiran kowa. Abin da ya sa na zama ɗaliba a gareji ke nan, ina zaune kan tsohuwar taya da mayafina ina yi wa wani dattijon bakanike tambayoyi har ya gaji. Baba nake kiransa, shi kuma 'yata yake ce mini, sai in na ishe shi ya ce "madam ta rediyo".

Mu fara da gaskiyar da masu sayarwa ba sa son a faɗa. Kusan duk motar da muke hawa a arewacin Kamaru wani ya riga ya cinye ƙuruciyarta. Ko dai ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala aka hauro da ita ta Ngaundare, ko ta sauka Kwatano ta ratso Najeriya ta shigo mana ta wajen Yola. Lambar da ke kan agogonta ba rantsuwa ba ce, ana juya ta baya kamar yadda wasu ke rage shekaru a takardar haihuwa. In ma ba a taɓa ba, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, ba da kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 150,000 yana murna ya sami sabuwa, alhali motar ta yi tafiyar kilomita 240,000. Na san mutum biyu da suka shekara suna lissafin juyen mai da wannan kuskuren.

Baba ya bayyana mini yadda akwatin ke aiki da fanka biyu. Ya ce ki ajiye su suna fuskantar juna, ki kunna ɗaya, za ki ga ɗayar ta fara juyawa ba tare da an taɓa ta ba, iska ce ta tura ta. To a cikin motar, tsakanin inji da bwat, akwai wani tulun ƙarfe kamar ƙwarya biyu da aka kifa, su suna ce masa kwanbata. A cikinsa mai ne ke yin aikin iskar nan. Daga nan sai jerin faifai siraran gaske, ana matse wasu a saki wasu domin giya ta canja, kuma abin da ke manne a fuskar faifan nan dangin takarda ne. Da na ji haka sai da na maimaita tambayar. Takarda ce ke ɗauke da ni da yarana da buhun masara? Ya ce ƙwarai, muddin tana jiƙe da mai mai kyau kuma ana matse ta da ƙarfin da ya dace, sai ta yi shekara ashirin.

Ke nan man giyar otomatik ba shafawa kaɗai yake yi ba kamar na giyar hannu. Shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa, shi ke matse faifan, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto, sannan ya hana ƙarafa cin juna. Tun da kamfanin General Motors ya fitar da irin wannan giya a motocin Oldsmobile na 1940 ake fama da neman man da zai jure wannan wahala, har ma sai farkon shekarun 1970 aka daina haɗa shi da kitsen ƙaton kifin nan na teku da ya fi giwa girma. Babban abokin gabarsa zafi ne. Yana son ya yi aiki a wajen digiri 80 zuwa 90. Da ya doshi 120 sai ya fara ƙonewa da sauri, ya yi duhu, robobin da ke riƙe matsin su ƙandare, matsi ya ragu, faifai su fara zamewa. Zamewar kuma ta haifi sabon zafi. Daga nan abin sai ya riƙa ciyar da kansa.

Yanzu a tuna inda muke. A watan Maris da Afrilu iskar Garwa kanta tana haura digiri 40, kwalta kuwa sai ta nemi narkar da takalmi. Da hunturu ƙura ke toshe haƙoran lagireto, lokacin jigilar auduga kuma har ɓurɓushinta ake tsinta a manne a gaban mota. Wasu kamfanoni sun rubuta a littafin motarsu cewa man giyar ba ya buƙatar canji a tuƙi na yau da kullum, daga nan "ba a taɓa ta" ta samo gindin zama. Amma a cikin littattafan nan dai akwai wani jadawali na daban na abin da suke kira mawuyacin hali: zafi, ƙura, kaya masu nauyi, gajerun tafiye-tafiye, tsayawa da tashi. Abin da suka kira mawuyacin hali mu shi ne Talatarmu da Larabarmu.

Akwai wata shawara da nake ba masu saurare wadda shugaban sashenmu ba ya jin daɗinta: sau ɗaya a mako a kashe rediyon mota. A rufe gilashi, a yi tuƙin minti goma ana sauraron motar. Akwatin giya ba ya mutuwar fuju'a sai nadiran. Watanni yake yi yana magana.

Maganarsa ta farko jinkiri ne, kuma a nan sana'ata ta taimake ni. Mai aikin rediyo ya san tsawon daƙiƙa fiye da kowa, domin shirun daƙiƙa uku a iska ya isa a leƙo ta gilashi a tambaye ki ko lafiya. Da safe in na tayar da mota na bar ta ta ɗan zauna, sai in taka birki in sa D in ƙirga a zuci. Lafiyayyar giya tana kamawa kafin ki kai biyu, za ki ji motar ta ɗan yunƙura. In ana kaiwa uku, huɗu, biyar kafin ta kama, musamman a ribas, ko kuma ta kama da duka kamar an bangaje ki ta baya, to ruwa ba ya tsami banza. Ko mai ya yi ƙasa, ko matatar ciki ta toshe, ko robobi sun fara sakin matsi.

Ta biyu ita ce wadda ta fi ba ni tsoro. Kina tafiya, kin taka totur, inji ya yi kuka, allurar da ke nuna juyin inji ta haura, amma motar ba ta ƙara gudu ba, sai bayan ɗan lokaci ta fizga. Wani lokaci tsakanin giya ta biyu da ta uku kawai yake faruwa, na ƙiftawar ido, har mutum ya ce ko kunnensa ne. Faifan nan na takarda ne ke zamewa, kuma duk zamewa ɗaya tana kankare abin da ba ya dawowa. Akwai kuma wata makyarkyata da ke zuwa a gudun kilomita 60 zuwa 80 a miƙaƙƙiyar hanya, kamar kin hau ƙananan kunyoyi alhali kwaltar sumul take, ki ɗan ƙara wuta ko ki ɗaga ƙafa ta ɓace. Mutane da yawa sukan ɗora wa taya laifin, su je a daidaita musu ƙafafu sau uku. Sau da yawa daga cikin kwanbata take, kuma tsufan mai ne ke kawo ta. Ita wannan in an kama ta da wuri, sabon mai kaɗai yakan kore ta.

Sauran kuwa na ido da hanci ne. Ɗigon ja a inda mota ta kwana. Wani siririn kuka da ke hawa da sauka tare da inji. Fitilar gargaɗi a gaban direba, ko a tsofaffin Toyota fitilar O/D tana ƙiftawa da kanta. Sai kuma ranar da motar ta maƙale a giya ɗaya, ta tashi da nauyi kamar an ɗaura mata dutse, ta ƙi canjawa. Wannan kwamfutar motar ce ta ga matsala ta kulle giyar domin ki lallaɓa ki isa gareji. Ba izinin zuwa Marwa ta ba ki ba.

Duba man ba shi da wuya in motar tana da sandar gwaji, amma akwai ƙa'ida. A yawancin Toyota sai mota ta yi zafi, tana kan shimfiɗaɗɗen wuri, inji na aiki, an bi da hannun giya ta kowane harafi an dawo P. Yawancin Honda kuwa sai an kashe inji ake dubawa nan take. A goga a farin ƙyalle. Ja garau lafiya. Ruwan ƙasa mai haske ya tsufa amma da sauransa. In ya yi baƙi yana warin ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, ɓarna ta riga ta fara. In ya fito kamar an dama madara da jan zoɓo, kar a ƙara tayar da motar, ruwa ya shiga. Motoci da yawa na baya-bayan nan ba su da sandar ma sam, sai an ɗaga su an kwance wani noti a ƙasa a daidai wani ma'aunin zafi, kuma ba kowane gareji ne ya san wannan ba.

Kawuna malamin firamare ne, ya yi shekara talatin da wani abu yana cin alli. Da kuɗin sallamarsa suka fito ya sayi Camry 'yar Amurka, motarsa ta farko a duniya. Yana wanke ta da kansa kowace safiya. Tun wajen watan Janairu ya fara cewa motar tana "tunani" kafin ta ja baya, yana faɗa yana dariya. Ya kai ta wani gareji, yaron ya zare sanda ya ce mai ya ragu, ya aiki wani da babur ya sayo jan mai a galan marar suna aka ƙara. Babu wanda ya tambayi ina man da ya ragu ya tafi. A watan Afrilu aka sa bikin 'yar ƙanensa a Ngaundare. Tafiyar kusan kilomita 280 ce, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ƙarshenta hawa ne. Garwa ba ta kai mita 300 daga doron teku ba, Ngaundare ta haura 1,000, kuma kaso mai tsoka na wannan tazara a hawan Falez ake biyansa, bayan an wuce Mbe, ana murɗawa a bayan tireloli masu tafiyar hawainiya. Mutum shida ne a motar, ga akwatuna, ga buhun shinkafa na gudummawa, ga na'urar sanyi a kunne da tsakar rana.

Goggo ta ce tun daga ƙasan hawan suka fara jin wari. Motar ta riƙa hawa giya tana sauka, tana hawa tana sauka, kawu kuma yana ƙara taka mata don kar ta tsaya a kwana. A tsakiyar hawan inji ya yi ta ihu motar ba ta motsi. Sai da suka sa duwatsu a bayan taya. Har zuwa nan mai yiwuwa da sauran abin ceto a akwatin. Amma mai a-kori-kurar da ya tausaya musu da igiya ya ɗaure ta, ya jawo ta a kan ƙafafunta huɗu kilomita da yawa. Famfon da ke zagaya mai a cikin bwat inji ne ke juya shi. In inji a kashe yake, tayoyi na juya kayan ciki a bushe. Da Baba ya buɗe farantin ƙasa daga baya, ya kira ni ya nuna mini ɓarɓashin ƙarfe a tafin hannunsa yana ƙyalli. Bai ce komai ba. Kawu bai halarci ɗaurin auren ba, kuma motar ta yi wata goma sha huɗu a ƙofar gida a lulluɓe da tampol. Abin da ya fi ci mini rai, har yau in zancen ya taso cewa yake yi laifinsa ne da ya sayi "motar mata".

Wannan suna na motar mata ya yi wa otomatik illa a garin nan fiye da yadda ake zato. Saboda shi manyan direbobi suka raina ta ba su koyi halinta ba, kanikawa da yawa suka ƙi koyon cikinta, sai dai in ta lalace su ce a sayo wani akwatin na gwanjo a ɗora. Saboda shi kuma in mace ta je gareji ta ce tana jin giya na zamewa tsakanin biyu da uku, sai a yi murmushi a ce "Hajiya ai haka suke." An taɓa faɗa mini haka a wani wuri, na ce a ba ni makullina. Akwatin gwanjo kuwa caca ce. Ya fito ne daga motar da ba ki san tarihinta ba, wataƙila shi ma wani kawun ne ya gama da shi a wata ƙasa.

Kafin a yarda a sauke akwati, a sa na'urar gwaji tukuna. Motocin Amurka tun daga 1996, na Turai masu fetur tun daga 2001, suna da kafar da ake jona wannan na'ura, kuma yanzu akwai masu ita a Garwa. Lambobin da suka fara da P07 galibi na ɓangaren giya ne. Na ga motar da aka yanke wa hukuncin sabon bwat, ashe waya ce ɓera ya ci. Raunin batir, tsatsa a kan wayar da ke haɗe da jikin mota, ɗan na'urar da ke auna gudu, filogin da ya mutu, ko robar da inji ke zaune a kai in ta tsage, duk suna iya sa lafiyayyar giya ta yi kamar mai ciwo. Wanda ya ce a sauke akwati bai tuƙa motar ba, bai shinshina man ba, bai jona na'ura ba, kuɗinki yake gani.

Sai babbar muhawarar da ba ta ƙarewa a shirina: motar da ta yi kilomita 200,000 ba a taɓa canja mata man giya ba, a canja ko a bari? Masu cewa a bari suna da hujja, ba zan raina ta ba. Kowa ya san wani da ya canja mai bayan mako biyu giyar ta mutu. Amma in aka bi labarin a hankali, mutumin bai tuna da man ba sai da giyar ta riga ta fara zamewa. Faifan sun cinye, ɓurɓushinsu da ke yawo a cikin tsohon man shi ne ɗan abin da ya rage yana kamawa. An zubar da shi, sai gaskiya ta fito. Gawa aka yi wa allura, aka ce allura ce ta kashe ta. Ra'ayina, wanda na ɗauka daga Baba kuma na gwada a motata, shi ne: in giyar tana canjawa lafiya kuma man bai yi ƙauri ba, a canja, amma a hankali. Kar a sa injin da ke tura mai da ƙarfi ya wanke ciki gaba ɗaya. A kwance notin ƙasa kawai a bar abin da zai fita ya fita. A irin tawa akwatin yana cin wajen lita 7, amma lita 3 ko kusa da haka ke fitowa, sauran na maƙale a kwanbata. A auna abin da ya fita a mayar da daidai shi, a yi tuƙi na wasu makonni, a sake, a kuma sake. In farantin ƙasa yana buɗuwa a buɗe shi a canja matata a wanke maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka a jikinsu ba komai ba ne, tsufa ne. Ɓarɓashi mai kaifi shi ne mugun labari. In kuwa man ya riga ya yi baƙi giya na zamewa, sabon mai ba zai dawo da takardar da ta ƙone ba, sai a fara tara kuɗi. Bayan an daidaita, a yanayi irin namu kowane kilomita 40,000 zuwa 60,000 ya kamata a maimaita.

Kuma ba duk ja ne ɗaya ba. Tsofaffin Toyota Dexron suke sha, na tsakiya T-IV, na baya WS. Honda na da nata. Motocin da ke da giyar CVT, irin Nissan da yawa, nasu daban ne kwata-kwata, in aka zuba musu na gama-gari an gama da su. A jikin sandar tawa an rubuta T-IV, kuma ni da kaina nake zuwa in sayo, in duba hatimin murfin, in tsaya a buɗe galan a gabana. Jabun mai ya yi yawa a kasuwannin yankin nan, galan mai kyau, rubutu mai kyau, abin ciki Allah kaɗai ya sani. Araha ba ta ado.

Wani abin da ba a cika haɗa shi da giya ba shi ne lagireto. A yawancin motocin nan man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto ya huce. Ke nan motar da injinta ke zafi giyarta ma tana dahuwa. Mu kuwa ruwan rijiya muke ɗura wa lagireto, shekara da shekaru, har tsatsa ta huda bututun nan ruwa ya gauraya da mai. Daga nan madarar zoɓon da na ambata take fitowa. Ruwa kuma ɓanɓare takardar faifan yake yi daga jikin ƙarfe. Hanya ta biyu da yake shiga ita ce ta ɗan hancin numfashi da ke saman akwatin. Duk wanda ya ga ambaliyar Binuwai ta 2012 ya san ruwa a nan ba wasa ba ne, amma ba sai an kai can ba, mayo ɗaya da ya cika a watan Agusta a hanyar ƙauye ya isa. In mota ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar ƙofa, a duba man giya washegari, kar a jira Juma'a. Wanda ke yawan hawa Falez da kaya kuwa, ƙaramin lagireto na musamman da ake ƙara wa giya a gaba ya fi masa sabbin kujeru amfani.

Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashin zuwa-zuwa ya tashi a bakin titunanmu, na lura wata tsohuwar ɗabi'a ta dawo: a sa mota a N a gangare don a rage shan mai. A motocin da kwamfuta ke ba inji fetur wannan ba ya rage komai, domin in ka ɗaga ƙafa mota na cikin giya ita da kanta take yanke fetur ɗin. Abin da kawai ka yi shi ne ka bar wa birki dukan nauyin, sannan ka buga wa faifai duka lokacin da ka mayar da D a guje. A gangaren Falez 2 ko L ake sawa inji ya riƙe motar. A hawa da kaya, in ka ji tana kai-komo tsakanin giya biyu, kashe O/D ko ka sauke ta da hannu ta zauna a ɗaya. A tsaya cak kafin a tashi daga ribas zuwa D, ko da masu babur na ta yi maka oda a bakin babbar kasuwa. A kan tudu a ja birkin hannu kafin a sa P, domin abin da ke riƙe mota a P ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba. In ta kafe a laka kar a yi ta wasa da ita gaba da baya har ta yi wari, a nemo samari su tura. Ba a tayar da ita da turi, kuma in za a ja ta nesa, a ɗaga ƙafafun da ke jan motar ko a ɗora ta gaba ɗaya a bayan wata.

Masu saurare sukan tambaye ni me za su duba in za su saya. Nakan ce ku je da sassafe ba tare da kun faɗi sa'a ba, ku ɗora hannu a kan bonet. In kun tarar an riga an ɗumama muku ita, ku dawo gobe, domin jinkirin safe shi ne abu na farko da ɗumi ke ɓoyewa. Ku ƙirga daƙiƙun D da na ribas. Ku fita da ita hanyar Pitowa ta yi zafi sosai, ta bi dukan giyoyinta, sannan ku sake ƙirgawa, don wata cutar sai da zafi take fitowa. Ku zare sanda ku shinshina. Man da ya yi sabo fil a motar da komai nata ya tsufa shi ma abin tambaya ne, a ce muku yaushe aka zuba kuma don me.

Ni dai akwai ɗan littafi a aljihun gaban motata, irin na 'yan firamare. A ciki nake rubuta ranar juye, lambar agogo, litar da ta fita da wadda aka mayar, da launin da na gani a ƙyalle. Ran Asabar da ta wuce D ta kama kafin in kai biyu, ribas ya ɗan fi ta jinkiri kamar yadda ya saba tun bara, bai ƙaru ba. Juye na gaba yana kan 345,000, kuma Baba ya ce a wannan karon za mu buɗe farantin ƙasa mu ga abin da maganaɗisu suka tara.